Alamomin Baba a Bangon Gabas

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na samu bangon gabas. Bari in rubuta da manyan baƙaƙe kafin wani ya sake shawara: BANGON GABAS NAWA NE, daga yau har ranar ashirin da bakwai ga wata da za a buɗe nuninmu na fita.

Yau aka raba mana Farin Ɗaki, mu goma sha ɗaya 'yan ajin ƙarshe. Haka muke kiran ɗakin nunin ayyukan ɗalibai, don komai nasa fari ne, har silin. An nannaɗe takardu aka zuba a hular wani, kowa ya ɗauka. Ni da rashin sa'ata na ɗauko lungun bayan ƙofa, inda ba mai ganin aikinka sai wanda ya zo neman tsintsiya. Na bi wanda ya ɗauko bangon gabas har bakin famfo, na ba shi akwatin launukana sabo fil, muka yi musaya. Yana tafiya yana waiwayena, ya ɗauka na taɓu.

Shugaban sashenmu, wanda muke kira Malam Tsari don ba ya jimla biyu bai ce "akwai tsari" ba, ya bi mu da takarda yana tambayar abin da kowa zai rataya. Na ce ni ba zan rataya komai ba, kankarewa zan yi.

"Kankare me?"

"Fenti, Malam."

"Ki kankare fenti ki samu me?"

"Abin da ke ƙarƙashinsa."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ce akwai tsari, in kawo a rubuce. Ya gane. Wallahi ya gane.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na rubuta masa shafi ɗaya na irin maganar da suke so: tarihin bango, ƙwaƙwalwar wuri, da sauran surkulle. Gaskiyar kuma a nan zan ajiye ta.

Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana rataye ayyukan ɗalibai a Farin Ɗaki. Baba Ƙusa suke ce masa, har malaman. A gindin tsaninsa na fara zane. Baba ba ya buga ƙusa da ka. Sai ya auna, ya yi 'yar alama da fensir irin ta tarawa a lissafi, ya rubuta nauyin abin da tsawon ƙusar a gefe, sannan ya buga a tsakiyar alamar daidai. Idan kuma wani babba ya matsa masa ya rataya abin da ransa bai kwanta da shi ba, ba ya musu, sai ya zagaye alamar da zobe. Ya taɓa ce min, "Auta, duk inda kika ga zobe, ba ni na so ba, sa ni aka yi."

Duk nunin da aka gama sai a cike ramukan ƙusa da kwaɓi, a bi bangon da farin fenti. Ba a goge alamomin, binne su ake yi. Suna nan.

Shekara biyu ke nan da abin ya faru. Wani babban firam ɗin hoto na ƙarfe ya faɗo daga bangon gabas ranar buɗe nuni. Iyakar abin da zan rubuta ke nan game da ranar. Washegari, tun ba a gama share gilas ba, Malam Tsari ya sa aka shafe bangon. Bayan sati biyu aka ce Baba ya tsufa, ya je ya huta. Bango suka shafa masa farin fenti, Baba suka shafa masa baƙi.

Da safiyar ranar aka kawo firam ɗin, a gurguje, kowa ya sani. Babana ba zai yarda da aikin gaggawa ba sai an tilasta shi. Akwai zobe a ƙarƙashin fentin nan, hawa takwas na fenti ne a kansa. Zan tono shi in bar shi a fili, masu jarrabawa daga waje su gani, iyaye su gani, Malam Tsari ya tsaya kusa da shi yana gyaran murya.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na karya reza goma sha biyu. Idan na bi a hankali fentin yana ɗagowa kamar ɓawon dafaffen ƙwai, idan na yi fushi sai in yanka har siminti. Matsalar ita ce kullum a fusace nake.

Daga kusurwar hagu na fara, don ban san takamaiman inda firam ɗin ya rataya ba. Ina cikin ɗakin ranar, amma ba bango nake kallo ba. Ina buɗe 'yan tagogi a jikin fentin, kowace faɗin tafin hannu. Zuwa yanzu alama goma sha tara, wasu a kusa, wasu can ƙasa tun ina firamare. Kowace, ramin ƙusar yana tsakiyarta cif. Rubutun Baba ne, da bakwai ɗinsa mai ɗamara. Kilo huɗu, inci biyu. Kilo bakwai, inci uku. Na zauna a ƙasa na yi ɗan kuka, sannan na ji haushin kaina na tashi.

Bahaguwa ce maƙwabciyata. Nata bangon kudu ne, kusurwa ɗaya muka haɗa. Da tana gabanmu da aji biyu, yanzu tare za mu fita. Da ma ba haka ake kiranta ba. Ta ce min sannu da aiki, na amsa ban juya ba. Ba na son ganin yadda take riƙe burushi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Zobe! Ba wanda nake nema ba ne, tsoho ne, can ƙasa, kilo ashirin. Amma dai akwai zobe a duniya, ba ni na ƙirƙira ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Baba yana ƙofar ɗaki da gwangwanayensa, yana raba tsoffin ƙusoshi da yatsa, masu inci biyu nan, masu inci uku can. Idan ya gama sai ya juye su wuri ɗaya ya sake farawa. Ban faɗa masa abin da nake yi ba. Sai na samu zoben zan kai shi, ya gani.

Ya zuba shayi, rabi a kofi rabi a tire. Inna ta ce, "Ai idon nan tun kafin…" sai ta katse maganar ta ce in miƙo mata tsumma. Na ce tun kafin me? Ta ce tun kafin yanzu ya kamata a je asibiti, in daina tsare ta da ido.

Baƙin ciki ne ya taɓa masa ido. Ka raba mutum da aikin da ya yi shekara ashirin da shida, ka zaunar da shi a ƙofar ɗaki, me kake so idonsa ya kalla? Wannan ma yana wuyansu.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe takwas da rabi na safe

Ya shafe. Ya shafe duka. Allah ya isa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yanzu zan iya rubutu.

Na buɗe ƙofa da safe na tarar da bangon gabas fari fat, santsi kamar ba a taɓa shi ba. Aikin kwana biyar. Mai Rola, mutumin da aka ɗauka a gurbin Baba, yana wanke bokiti a bakin famfo yana 'yan waƙe-waƙensa.

"Wa ya ce ka taɓa bangona?"

"Haba ƙanwata, na shigo ranar Asabar na ga bango ya yi ɓawo kamar mai ƙazwa, na ce kar a ce ban iya aiki ba. Har hawa biyu na yi miki."

Har hawa biyu ya yi min! Ya tsaya da rola tana ɗiga yana jiran godiya. Ban san iyakar abin da na faɗa masa ba, 'yan aji uku ma sun fito kallo. Abin da na tuna, na ce babana ko idonsa a rufe ya fi shi sanin bango. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka kowa yake faɗa." Ko faɗan ma bai iya ba.

Na wuce ofis ban ƙwanƙwasa ba. Malam Tsari ya rantse bai aike shi ba. Sannan ya rage murya, ya ce tunda haka ta faru, ga shawara: in koma baranda in rataya zanukana na bara, masu kyau ne, zan ci jarrabawa lafiya lau.

"Akwai abin da in an shafe, gara a bar shi a shafe," in ji shi.

"Gara ga wa, Malam?"

Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ki gaida mahaifinki." In gaida mahaifina! Cin fuskar har ya kai nan.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na ɗaure igiya daga ginshiƙi zuwa taga, na manna takarda: AIKI NE, KAR A TAƁA. Yanzu hawa goma ne tsakanina da Baba. Mai Rola ya ajiye min sabon fakitin reza a kan tsani bai ce komai ba. Na yi amfani da su, amma ban huce ba.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yatsu uku da filasta.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Yau malamai suka zagaya duba ayyuka. Ɗaya ya tsaya gaban bangona ya riƙe haɓa, ya ce aikin yana da zurfi. Na ce eh, hawa goma. Ba wanda ya yi dariya sai Bahaguwa, ita ma a ciki-ciki.

'Yan ajinmu sun sa min suna Gara, wai ina cin bango. Su ci gaba. Tun Litinin suke faɗa a kan fitilu, kowa yana so a karkato masa uku, har wata ta yi kuka wai inuwar ginshiƙi tana faɗawa kan aikinta. Kowa yana auna girman sunansa a 'yar takardar bayani. Sunan mai zane, sunan malaminsa, sunan launin da ya shafa, har faɗin allo da tsawonsa ana rubutawa. Wanda ya hau tsani ya rataya abin, ya sa bai faɗo wa uwar mai zanen a ka ba, shi ba shi da suna. Sau ɗaya tak aka taɓa ambaton sunan Baba a makarantar nan a rubuce, kuma mun san ranar.

Alama sittin da ɗaya. Duk a tsakiya.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na zo wucewa Baba ya ɗaga hanci.

"Auta, warin Farin Ɗaki nake ji. An raba muku bango ke nan?"

"An raba, Baba."

"Wanne aka ba ki?"

"Na gabas."

Yatsunsa suka tsaya a cikin gwangwani. Can ya ce, "Bango ne mai kyau, haske yana sonsa. Amma ya sha ƙusa. Tsoffin ramukansa sun yi yawa." Ya kai hannu zai ɗauki wani gwangwanin ya ture shi, ƙusoshi suka watse har ƙarƙashin kujera. Na durƙusa ina tsincewa, Inna tana kallona daga kicin kamar ni na ture.

Ko sunan bangon ba ya iya ji. Ga abin da suka yi masa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ina kan tsani Bahaguwa ta tsallako igiyata.

"'Yar Baba, kina ɓata rezarki. Ba nan ba ne."

"Me ne ne ba nan ba?"

"Abin da kike nema. Matsa dama taku uku, ki ɗaga sama da kanki kaɗan. Na fi kowa sanin wurin, a ƙarƙashinsa nake tsaye ranar."

Da hagu ta nuna. Na daman yana aljihun rigar aikinta, inda yake zama kullum. Ban ce na gode ba, na ce wa ya gaya mata ina neman wani abu. Ta ce ba wanda ya gaya mata, kusurwa ɗaya muka haɗa, tana jin yadda nake numfashi. Ta koma kan aikinta.

Me ya sa ba ta zagina? Da ta zage ni da na san abin yi.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Taku uku dama, sama da kaina kaɗan. Hawa tara sun fita. Ina ganin inuwar fensir a ƙasa. Gobe.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na same shi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na rufe wurin da takarda da salatif. Don ƙura.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Famfon bakin Farin Ɗaki yana ɗiga tun shekarar da na shigo, ba wanda ya gyara. Makaranta guda, masu digiri cike da ofisoshi, an rasa mai ɗaure famfo. Wani ya jingina allonsa a jikin igiyata, na wurgar da shi tsakar ɗaki, ya ce me ya yi zafi, na ce uwarsa ce ta yi zafi. Daga baya na ba shi haƙuri. Fitila ta biyu tana ƙyaftawa. Rezar bana ma ba ta da kyau, ba a yin komai da kyau yanzu.

Ban ɗaga takardar ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma na safe

To. Bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya da baki.

Ƙusa biyu ne suka riƙe firam ɗin. Alama biyu, rubutun Baba, kilo talatin da takwas, inci shida. Ta hagu, ramin yana tsakiya. Ta dama, ba rami a tsakiya. Ramin yana gefe, nisan yatsa biyu, kuma ya faɗa daidai cikin wani tsohon rami da aka cike da kwaɓi. Kwaɓi ko kalanda ba ya riƙewa. Bakin ramin ya ɓalle ta ƙasa, inda ƙusar ta zame ta fito.

Babu zobe.

Na ƙirga alama ɗari da goma sha huɗu a bangon nan, duk a tsakiya. Wataƙila wani ne ya karɓi gudumar. Wataƙila yana kan tsani aka yi ta ƙwala masa kira. Wataƙila zoben yana nan rezata ce ta ɗauke shi tare da fenti, ai na ce rezar bana ba ta da kyau. Sun matsa masa, wannan na tabbata, ko ya zana ko bai zana ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Fensirin Baba yana aljihuna, mai faɗin nan na kafintoci. A gwangwanin inci huɗu yake ajiye shi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Shekara huɗu suna koya mana kwaikwayon hannun wasu, yau ya yi amfani. Zoben Baba ba ya haɗewa ta sama, yana barin 'yar ƙofa. Na gwada sau arba'in a takarda. Da kowa ya fita cin abinci na hau tsani na zana zoben. Na ɗan murza shi da ƙurar fenti don ya tsufa.

Ba ƙarya na yi ba. Abin da ya kamata a ce yana wurin na mayar.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Malam Tsari ya zo zagayen ƙarshe. Ya bi tagogina ɗaya bayan ɗaya har ya iso wurin. Na tsaya a bayansa na harɗe hannu, shekara biyu nake jiran wannan tsayuwar. Ya ɗaga kai ya daɗe. Bai yi gyaran murya ba.

"Na san ma'anar zoben Baba Ƙusa," in ji shi, bai juyo ba. "Akwai nawa guda uku a bangon yamma, na cancance su. Wurin nan kuma na gan shi da idona washegari, kafin in sa a shafe."

Sannan ya ƙara da cewa:

"Ba komai. Idan an tambaya, zan ce ni na matsa masa."

Ya rubuta wani abu a takardarsa ya wuce bangon kudu.

Wa ya roƙe shi? Wa ya ce ya yi min alheri? Na shirya wa ihu, na shirya wa kora, har abin da zan faɗa a gaban kwamiti na haddace. Sai mutum ya zo ya miƙa min wuyansa a faranti. Na fi tsanarsa yau fiye da kullum, kuma na kasa cin abinci.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Da rana na koma gida ɗaukar kaya na tarar Baba ya sa tsohuwar rigar aikinsa. Ya ce fensirinsa ba ya gwangwani, ya ce in kai shi Farin Ɗaki. Na ce gobe ne buɗewa. Ya ce ya sani, shi ya sa. Inna ta ce ita ba ruwanta.

A bakin ƙofa ya saki hannuna, ya shiga shi kaɗai, ya kauce wa ginshiƙi kamar yana ganinsa. Mai Rola ya sauko daga tsani ya rusuna har ƙasa. Baba ya shaƙi iska ya ce, "Malam, kana cika wa fentin nan ruwa." Mai Rola ya ce za a gyara, Baba.

Baba ya ɗora tafinsa a bangon gabas ya fara bi, yana lalubar tagogin. Ya ce in karanta masa. Na karanta, kilo huɗu, inci biyu. Ya ce hoton akuya ne, mai shi kuka ya yi ranar. Kilo tara, inci uku. Ya ce wannan an rataya shi a kife kwana biyu ba wanda ya lura, har mai shi. 'Yan ajinmu suka bar faɗan fitila suka matso suna dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don muna matsawa dama.

Taku uku. Ya tsaya da kansa.

"Karanta."

"Kilo talatin da takwas, inci shida."

"Sai me?"

"Da zobe, Baba."

Ya ce in kai hannunsa kan alamar. Na kai. Ya lalubi ramin, ya jera yatsa biyu tsakaninsu, sun cika wurin daidai.

"Auta, ban yi zobe a nan ba."

"Akwai, Baba, ga shi nan kowa yana gani."

"Ba wanda ya sa ni. Alamar ce ta zame min biyu, na zaɓi ɗaya na buga. Wata shida ina ganin abu biyu-biyu ban faɗa wa kowa ba, don kar a ce in sauka daga tsani." Ya miƙo tafin hannu. "Ba ni magogi."

Na ce ba ni da shi. Yana aljihuna.

 Sai ga Bahaguwa ta tsallako igiya, ta sa masa nata a hannu. Ya ɗaga ya fara gogewa, amma can gefe yake gogewa, a kan farin fenti. Ta kama wuyan hannunsa da hagunta ta mayar da shi kan zoben.

"Wace ce?"

"Ni ce, Baba."

Ya gane muryar. Ya kira ta da sunanta na gaskiya, wanda na yi shekara biyu ban ji a bakin kowa ba. Sannan ya tambaye ta:

"Hannun fa?"

"Yana nan. Wannan ma ya koya."

"'Yata, ni ne. Ban taɓa zuwa na…"

"Na sani, Baba. Goge dai, saura ta sama."

Suka zagaye zoben tare, shi da ita, har ya fita.

A hanyar gida na kasa riƙewa. Na ce shekara biyu ka bar ni ina zagin mutane, ina hararar bayin Allah a baranda, har na zagi uwar wani. Ya ce, "Ba ki taɓa tambayata ba." Na ce da na tambaya za ka faɗa? Sai da muka tsallaka titi sannan ya ce bai sani ba. Na riƙe hannunsa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, bai ce in sassauta ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An buɗe. Mutane sun cika, fitila ta biyu tana nan tana ƙyaftawa. Na sake buga 'yar takardar bayanina da safe, na sa sunan Baba a saman nawa. Bai zo ba, ya ce ya riga ya gani.

Magogi bai fitar da zoben duka ba, ya bar wani dishi-dishi kewaye da alamar. Mai jarrabawa daga waje, wata dattijuwa mai sanda, ta bi tagogin har ta iso wurin. Malam Tsari yana bayanta ya buɗe baki, na riga shi.

Ta nuna ramin da sanda. "Wannan fa, da ya kauce?"

"Na babana ne."

Ta nuna dishi-dishin. "Wannan kuma?"

"Nawa ne."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta wani abu ta wuce bangon kudu. Ban san me ta rubuta ba.

Mai Rola ya same ni a bakin famfo yana sosa ƙeya, ya ce ranar Litinin za a shafe bango, wai ko in yi wa Malam magana a bar nawa. Na ce ya shafe, amma kar ya cika ruwa.

Fensirin yana aljihuna har yanzu. Zan mayar da shi gwangwanin inci huɗu, kuma sai na faɗa masa ni ce na ɗauka, ko da ya riga ya sani.